Motar da ba ta ƙara, daga Salaga zuwa Bawku

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A kasuwa, a gidan suna, har a bakin famfo, kowacce ta tare ni sai ta ce wai da gaske ne motar ba ta shan mai, wai da gaske ne ni na tuƙa ta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ta ji kai waccan ta ji wutsiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko, musamman saboda matan ƙungiyarmu ta masu doya da kifi, tunda shawarar sayen motar tana gabansu.

Sunana Memuna, haihuwar Salaga. Kakanninmu fataken goro ne, amma ni doya na tashi na tarar, sai busasshen kifi da nake sarowa daga Makango. Ina kai su arewa in dawo da albasa. Fiye da shekara ashirin yayana Issaka ne ke ɗaukar min kaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Duk wanda ya san tsohuwar motarsa ya san hayaƙinta ta ƙarƙashin kujera yake shigowa, ƙararta kuwa tun tana bayan gari ake shaida ta. In za mu yi magana a hanya sai da ihu, don haka muka saba da yin shiru, shi yana tuƙi ni ina jan carbi.

Mijin 'yata Fati yana aiki a wani kamfani a Tamale da ke shigo da motoci masu amfani da wutar lantarki. Shi ya kawo zancen cewa suna ba 'yan kasuwa aron mota na kwana goma su gwada, kuma ya sa sunan ƙungiyarmu. Mata suka ce ni ce mai tafiya mafi nisa, ni zan gwada. Da kansa ya kawo ta Salaga. Fara ce, rufaffiya irin ta masu raba burodi, mazauni a gaba, baya duk fili. Ba kuloci, ba sandar giya, sai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, gaba ko baya. Ya nuna mana wayoyin caji biyu, siririya ta soket ɗin gida da kakkaura ta wurin da ke da wuta mai ƙarfi. Ya nuna mana wani soket a cikin motar kanta, wanda yake ba da wuta kamar na bangon ɗaki. Gargaɗinsa biyu ne: kada mu bar cajin ya ƙare ƙaf, kuma in ta tsaya kada mu yarda a ɗaura mata igiya a ja.

Yaya Issaka ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya rufe. Abin da ya ce kawai shi ne bai ga inda mutum zai sa hannunsa ba in ta lalace a daji. Amma bai ƙi tuƙawa ba.

Lokacin zafi ne, mangwaro ya fara nuna. Muka loda doya ɗari biyu da hamsin da kwandon kifi takwas. A nan na fara ganin aibinta na farko, don tsohuwar motarmu tana ɗaukar kusan ninkin haka, tunda ana ɗora wasu a sama a ɗaure. Wannan ba ta da wurin ɗauri, kuma mijin Fati ya roƙe mu kada mu wuce nauyin da aka rubuta.

Bayan sallar asuba muka tashi. Ni ban ma san mun tashi ba sai da na ga masallacin unguwarmu yana wucewa. Kafin mu fita gari mun tsaya wa tumaki sau uku, suna kwance a tsakiyar titi suna tuƙa, ba wanda ya gaya musu mota na zuwa. Wata mata mai ɗauke da itace ta waiwayo ta gan mu dab da ita, ta yar da kayan ta faɗa ciyawa. Sai da na sauka na ba ta haƙuri na taya ta ɗaurawa. Daga nan Yaya bai sake ɗauke hannu daga hon ba.

Hanyar Bimbilla kun san ta. Motar tana da ƙarfi, ko da kaya ba ta nishi a hawa, amma cikinta kusa yake da ƙasa, kuma a nan batir ɗin yake. Duk dutsen da ya goge ta sai na ji a haƙorina. Yaya ya riƙa lallaɓa ta rami-rami kamar mai ɗauke da ƙwai. Da rana ta ɗaga muka rufe gilasai muka kunna sanyi, sai na lura lambar cajin da ke gaban sitiyari ta fara sauka da sauri fiye da da.

Bayan Bimbilla hanya ta yi kyau, motar ta yi tsit. A nan na fara jin wani siririn fito, yana zuwa yana komawa. Na ce wa Yaya akwai abin da ke kuka a motar nan. Muka tsaya, ya duba tayoyi, ya bubbuga ƙofofi, ya ce iska ce ke shiga ta jikin roba. Muka ci gaba, fiton ya dawo. Na kasa kunne ina neman ta inda yake fitowa, ko ta baya ko ta ƙasa. Can Yaya ya ɗauki gora ya sha ruwa, fiton ya tsaya. Ya ajiye gorar, ya dawo. Na juya na dube shi. Kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Daga ƙirjinsa abin yake fitowa.

Na mayar da idona kan hanya. Yayana ne, kuma mutum ne da bai taɓa cewa kansa na ciwo ba a gabana.

A shingen da ke kafin Yendi wani jami'i ya tsayar da mu, ya tambayi Yaya dalilin da ya sa ya kashe mota tun daga nesa. Yaya ya ce a kunne take. Jami'in ya sa kunne a jikin bonet, ya ce a buɗe. Da ya ga ba inji sai ya kira 'yan uwansa, suka taru suna leƙe, wani yana neman bakin tankin mai, wani yana ɗaukar hoto. Babbansu ya tambaya da gaske ko tana jan mutum in ana ruwan sama. Na ce ni ma baƙuwarta ce, in na dawo da rai zan gaya masa. Suka yi dariya suka ɗaga mana sanda.

A Yendi gidan Afa Zakari muka sauka, Afa a yarensu shi ne malam. Mahaifinsa da namu abokan fatauci ne, kuma yana da injin casar shinkafa, wato yana da wuta mai ƙarfi. Mijin Fati ya riga ya yi magana da wani mai gyaran wuta ya haɗa mana wurin da kakkaurar wayar za ta shiga. Dagombawa, mutanen Yendi, ba sa gaggawar gaisuwa. Matan gidan suka durƙusa, ni ma na durƙusa, ana tambayar hanya da gida da gajiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce amsarta “naa”, har gwiwata ta fara ƙara. Mu a Salaga muna gaisuwa, amma tamu a tsaye take ƙarewa. Aka kawo mana wasawasa, wato garin doya da ake turarawa ya yi baƙi warwar, da mai da yaji da ɗanyar albasa. Ni mai sayar da doya ce, amma ban taɓa cin wanda ya kai na uwargidan Afa ba.

Kafin la'asar rabin unguwar sun zo kallon mota. Matan gidan suka kawo butar lantarki muka jona a soket ɗin cikinta, aka dafa shayi don kawai a gani. Cikin masu kallon akwai wani tsohon bakanike, hannuwansa baƙi ƙirin da bakin mai. Ya kwanta ya leƙa ƙasanta, ya tashi yana kakkaɓe riga, ya tambayi Yaya da irin Hausar zango: “To in wannan ya cika gari, mu me za mu ci?” Yaya ya matsa masa a benci, suka zauna tare suna kallonta.

Bayan la'asar na samu Yaya shi kaɗai na ce na ji numfashinsa, mu je a duba shi tunda muna cikin gari. Ya ɓata rai, ya ce mura ce, kuma shi ba yaro ba ne. Na yi shiru. Wannan shirun har yanzu ina jin haushin kaina a kansa.

Aka ɗauke wuta na wasu awoyi da yamma, saboda haka da gari ya waye cajin bai cika ba, ya tsaya wajen kashi tamanin. Afa ya ce mu ƙara yini. Ni kuwa ina lissafin ranar kasuwar Bawku, wadda ke ci bayan kwana uku-uku, na ce mu tafi. Muka bi ta Gushegu da nufin mu ɓulla Nakpanduri.

Bayan Gushegu kwalta ta ƙare. Don a tara caji Yaya ya kashe sanyi ya sauke gilasai. Muka cim ma wata babbar motar gawayi tana tafe a karkace, tana zubar da baƙin hayaƙi, hanya kuma ba faɗin da za a wuce ta. Mun bi bayanta ya kai rabin awa. Yaya ya fara tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Ya gangara gefe ya taka birki, ya kifa kansa a sitiyari. Na kira shi bai amsa ba, sai hannu da ya ɗaga min. Da ya ɗago na ga leɓɓansa sun sauya launi, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana jan iska ba ta shiga.

Na duba waya ba sabis. Gaba daji baya daji, motar gawayin ta yi nisa. Na fito tsakiyar hanya ina ta salati. Allah ya kawo wani dattijo a kan keke da fartanya ɗaure a baya. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa yaren, amma da ya leƙa ya ga Yaya sai ya nuna gaba da hannu, ya yi alamar allura a damtsensa, ya ɗaga yatsu biyu. Na gane ƙauye na biyu akwai asibiti.

Ni na shekara goma sha biyar ina hawa babur kamar yawancin matan arewacin nan, amma ban taɓa riƙe sitiyari ba. Da tsohuwar motar ce da ko tayar da ita ba zan iya ba. Ni da dattijon muka tallafi Yaya muka zagayo da shi ɗaya gefen. Na zauna a mazauninsa, ƙafata da kyar take kaiwa, na rasa yadda ake matso da kujera. Na ɗora ƙafa ɗaya a birki ɗaya a totur. Yaya ya kama gwiwata ta hagu ya ture, ya ce da kyar, kalma ɗaya-ɗaya:

“Ƙafa ɗaya, Memuna. Ta dama kawai.”

Na yi bisimilla na murɗa maɓallin. Motar ta zabura, na ji doya ta zube a baya. Na taka birki, ta sake zubewa gaba. A karo na uku na gane ba takawa ake yi ba, taɓawa ake yi. Na rufe gilasai na kunna sanyi har ƙarshe. Ban san gudun da na yi ba, na dai san ban kauce wa rami ko ɗaya ba, kuma duk tsawon hanyar kunnena na kan numfashinsa. Muddin ina jin fiton na san yana nan. A ƙauye na biyu na hango wani ɗan gini mai shuɗin fenti, na karya kan mota, na kwashe ginshiƙin dangarsu kafin na tsaya.

Nas ɗaya ce a wurin, mace gajera mai suna Lariba. Kirista ce, amma mutanen wajen suna sa sunayen ranaku irin namu. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta dube shi sau ɗaya ta ce min, “Mma, ka riƙe shi zaune, kar ya kwanta.” Ta ruga ta dawo da allura ta yi masa. Sannan ta tsaya tana cizon leɓe. Ta ce akwai na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, ita yake bukata, ga ta can a kabad, amma kwana uku ke nan iska ta kayar da turakun wuta, ɗan lantarkin hasken ranar da suke da shi kuma firjin rigakafi kawai yake riƙewa.

Na tuna shayin Yendi. Na ja hannunta na buɗe ƙofar baya na nuna mata soket. Ba ta tsaya tambaya ba. Muka zaunar da Yaya a bakin ƙofar motar, bayansa jingine da kwandon kifi, ta ɗaura masa abin a hanci, ta jona. Na'urar ta fara gurnani, farin tururi ya fito. Na tsuguna a ƙasa na riƙe ƙafarsa. Ban san tsawon lokacin ba. A hankali kafaɗun suka daina ɗagawa, launin bakinsa ya dawo. Abin da ya fara faɗa da ya cire abin shi ne wai na duba ko fitilar gaba ta fashe.

Can Sista Lariba ta zo tana murza hannu, ta ce akwai wata tsohuwa a cikin gari mai irin wannan ciwon, kwana biyu ba ta yi barci ba, ko zan yarda. Na ce a ɗauko ta. Aka kawo ta a motokin, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwati a baya, ita ma ta shaƙa. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa da wayoyinsu a hannu, suna tsaye nesa-nesa. Na karɓa na riƙa jonawa bi da bi. Gaskiya na'urar da wayoyin ba su ci wani abin kirki ba. Abin da ya cinye cajin sanyin da na bar wa Yaya ne, don Sista ta ce ɗakinta ya fi waje zafi, gara ya huta a mota. Ina kallon lambar tana sauka, na kau da kai.

Ta hana mu tafiya ranar. Ta kai mu gidan kawunta, mai wa'azi a cocin ƙauyen. Gida ne na zagayayyun ɗakuna da aka haɗa da katanga, tsakar gidan daɓe sumul kamar an shafa mai, ƙofar shiga kuwa sai ka sunkuya. Da muka shigo na ga matar gidan ta yi sauri ta rufe tukunyar burkutu da faifai ta ja ta bayan rumbu. Aka kawo ruwan gari a ƙwarya, mai gidan ya fara kurɓa kafin ya miƙo mana, haka al'adarsu take, don baƙo ya sha da kwanciyar rai. Ba mu roƙa ba suka aika rugar Fulani da ke kusa aka aro mana buta da tabarmar salla. Suka kama zabo suka kawo wa Yaya da wuƙa, wai ya yanka da hannunsa don mu iya ci. Da suka ga ba shi da ƙarfin yanka sai suka sake aikawa rugar, Bafulatanin mai butar ya zo da kansa ya yanka. Na sha sauka a gidajen mutane a rayuwata, amma tuwon dawar da na ci a gidan nan da miyar kuka da zabo, ina ci hawaye na zuba a kwano.

Kafin magariba muna zaune ni da Yaya a gindin mangwaron ƙofar gidan, na tambaye shi tun yaushe. Ya ce an kusa shekara. Ya ce yakan tsaya a hanya da sunan zai kama ruwa, ya je bayan mota ya yi tarinsa ya dawo, ni ina gaba ban sani ba. Na ce me ya sa ya ɓoye min.

“Da kin sani da kin nemi wani direba,” ya ce. “Ranar da Baba zai rasu ya ce in kula da ke. Ni ba ni da karatu, ba ni da dukiya. Hanyar nan ita kaɗai ce abin da nake miki.”

Na ce masa da ya mutu a dajin nan, wa zan kira Yaya. Muka tashi muka yi alwala.

Da safe Sista ta saurari ƙirjinsa, ta ba shi ɗan abin fesawa a baki, ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Bawku, ta ce zai iya tuƙi in a hankali ne kuma gilasai a rufe. Na ce zan gyara dangar, kawunta ya ce an riga an kafa. Na sauke musu doya da kifi, sai da muka yi ta ja kafin suka karɓa.

Cajin da ya rage bai kai kashi talatin ba, kuma ba mu da tabbacin zai kai mu Garu, garin da ke kafin Bawku. A Nakpanduri hanya take gangarowa daga kan dutse, tana lanƙwasa, ƙasar Kusasawa shimfiɗe a ƙasa har iyakar gani. Wurin nan ne tsohuwar motarmu take warin birki, Yaya yana addu'a a bayyane. Wannan kuwa da ya ɗaga ƙafa sai ta riƙe kanta. Muna cikin gangara ya nuna min lambar da haɓa. Ta ƙaru da ɗaya. Can ta sake ƙaruwa. Ashe in tana gangara mayar da wuta take yi cikin batir. Yaya ya yi dariya har tari ya so kama shi, ya ce bai taɓa ganin dabbar da ke ƙoshi da tafiya ba.

Mun shiga Garu da ɗan abin da ya rage. Wani mai walda ya yarda muka jona a shagonsa, ya dakatar da aikinsa na awa uku saboda mu, muna zaune muna cin tubani da mai da yaji. Da na tambayi abin da zan ba shi sai ya ce in biya na wuta kawai, sauran kuma in bar shi ya zauna a mazaunin direba a ɗauke shi hoto.

Bawku mun same ta washegarin kasuwa. Garin yana cikin zaman ɗar-ɗar ɗin da kowa ya sani, ba zan shiga wannan ba, Allah ya zaunar da su lafiya. Mai masaukina Mma Salamatu, Bamosa ce da muka shekara goma sha biyu muna ciniki, ta riƙa kiran waya tana gaya mana titin da za mu bi har ƙofar gidanta. Ta tare mu da zomkom, ruwan gero mai yaji da tsami da suke ba baƙo. A Bawku keken jaki ya fi mota yawa a bakin kasuwa, kuma mutum ɗaya zai yi maka Mosanci ya juya ya yi Kusasanci ya rufe da Hausa. Iyakar ƙasa tana kusa har wayata ta riƙa aiko min da gaisuwa da Faransanci. Masu sayen kifina ma yawancinsu daga tsallake suke zuwa, ta Sankanse. Mma Salamatu ta aika musu, suka zo har gida ba su jira wata kasuwar ba. Kifin ya isa tsaf, ba ƙura ba karyewa, abin da ban taɓa samu ba a buɗaɗɗiyar mota. Doya ce ta sha wuya, wadda tuƙina ya farfasa da wadda zafi ya dafa a rufe. Na yi asara a nan, ba zan ɓoye ba.

A asibiti likita ya ɗauki hoton ƙirjin Yaya, ya ce hayaƙin shekaru ne ya cinye masa huhu. Ba ya warkewa, amma ana zama da shi in ana shan magani kuma an nisanci hayaƙi da ƙura. Ya ce da mun ƙara awa ɗaya a dajin nan da wani zancen ake yi.

Muka lodo albasa muka dawo ta babbar hanya, Bolga, Walewale, Savelugu, muka kwana sau ɗaya don caji. Ku sani rufaffiyar mota da sabuwar albasa sai mai haƙuri, har Tamale idanunmu na ruwa. A harabar kamfanin akwai na'urar caji mai sauri, kafin mu yi salla mu ci abinci ta kusa cika. Irinta ba mu gani ko ɗaya ba a duk hanyar da muka bi ta gabas.

To ga abin da zan gaya wa matan ƙungiya. In don zirga-zirgar kusa ce, Salaga zuwa Makango, zuwa Kpandai, zuwa Bimbilla, a dawo a kwana a gida a jona, ban ga kamarta ba. Abin da wuta ta ci a duk tafiyar bai kama ƙafar abin da mai yake ci ba, kuma ba bakin mai, ba ruwan inji, ba turi da safe. Amma tafiyar Bawku ba tata ba ce tukuna, sai in mutum yana da Afa Zakari a kowane gari, kuma wuta ba ta yi masa halinta ba. Ba ta son rami, ba ta ɗaukar lodin da muka saba, in ta lalace kuma sai an kira Tamale. Duk wadda za ta tuƙa ta koyi danna hon. Ni na ce a saya, a bar ta a gajerun hanyoyi, kuma na riga na ba da sunana a makarantar koyon tuƙi, don abin da na yi a dajin nan ba da lasisi na yi shi ba.

Da muka mayar wa kamfanin motarsu a Tamale muka iso Salaga a motar haya, na raka Yaya har gida, don in yi wa matarsa Azumi bayanin magungunan. Na jera mata su a tabarma, na safe da na yamma. Ta saurara har na gama. Da Yaya ya shiga ɗaki sai ta matso ta ce min ƙasa-ƙasa ita ta daɗe da sani. Ya sa ta rantse ba za ta gaya min ba. Ta ce duk ranar da muka ɗauki hanya ba ta iya cin abinci sai ta ji mun sauka, kuma sau biyu tana zuwa har ƙofar rumfata a kasuwa da niyyar ta faɗa, sai ta sayi kifi ta koma.

Na tuna zuwan nata. Har gyara na yi mata, na ce ta gaida Yaya.

Ta tattara magungunan ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce in tsaya in ci tuwo. Na tsaya. Muna ci muna jin Yaya daga ɗaki yana ba maƙwabcinsa labari ta taga, yana cewa ƙanwarsa ta tuƙa mota da lodi a hanyar Gushegu, kuma danga ɗaya kawai ta kayar.